Hukuncin Tururuwa

Na gaji da jin maganar nan. Duk sallar da kuka taru a gidan nan sai na ji wani a cikinku ya rage murya yana ba matarsa labari, wai Inna ce ta kori Goggo Hanne daga gidan ƙaninta ana gobe suna. Har ɗan'uwanku Sani, da dokar kulle ta tsare shi a Kano a lokacin, shi ma ya iya ba da labarin kamar a gabansa aka yi. To ku saurara. Na sayi littafi, zan rubuta da hannuna, da rubutun yaƙi da jahilcin nan da kuke yi wa dariya. Wanda ya karanta ya ga har yanzu korar ta na yi, sai ya ci gaba da faɗa, amma ya daina rage murya, don kunnena ƙalau yake.

Sai na fara da abin da kuka sani amma ba ku taɓa auna nauyinsa ba. Yayarku ta Babura ita ce 'yar farina. A yadda aka tashe mu, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta shiga maganarsa. Ana yaye ta babanku ya ɗauke ta ya kai wa yayarsa a Gwiwa, wato Goggo Hanne, wadda ni nake ce wa Yaya. Ita ta riƙe ta, ita ta yi mata kitso, ita ta aurar da ita. Goggo ba ta da ɗa a raye. Tun kafin a kawo ni gidan nan na ji an ce ta haifi uku duk sun koma suna jarirai, aka ce wabi take yi, ban kuma taɓa tambayar yadda aka yi ba. Wa zai tambayi yayar miji irin wannan? Saboda haka duk abin da ya shafi yayarku, Goggo ce mai magana, ni 'yar kallo ce mai kawo ruwa.

Yayarku ta shekara goma sha huɗu a ɗakinta ba ta taɓa ko ɓatan wata ba. Babu malamin da ba a je wa ba, babu sassaƙen da ba ta sha ba. Sai da kowa ya haƙura, sannan Allah ya kawo cikin, ya kuma kawo shi a shekarar korona. Da ya kai wata bakwai mijinta ya kawo ta nan Roni goyon ciki, don ɗakin Goggo a Gwiwa ya yi nisa da asibiti. Ya koma Babura kan keken ɗinkinsa, hanya ta rufe a bayansa.

Ku da kuke ganin babanku yanzu shiru-shiru da carbi, ba ku san irin gardamar da na sha da shi a watan nan ba. Na ce a rage shige da fice a gidan nan, akwai mai ciki. Ya ce korona cutar masu hawa jirgin sama ce, me za ta zo nema a gidan mai ƙuli-ƙuli? Kullum yana wajen gaisuwar mutuwa, don tsofaffi sun yi ta tafiya a lokacin, ya dawo da tari ya ce ƙura ce. Na ajiye buta da sabulu a zaure, ya ce na mai da masa gida asibiti, baƙinsa za su ce ƙyamar su ake yi. Shi ya yi tarinsa na kwana huɗu ya warke. Bayan ƙaramar salla, ana ta sharar gonaki, sai yayarku ta fara zazzaɓi. Na gane abin ya wuce zazzaɓin sauro ranar da na bar ta da tukunyar miya na shiga banɗaki, na fito na tarar daddawa ta ƙone ƙurmus, hayaƙi har maƙwabta, ita kuwa tana zaune a gaban murhu tana tsintar wake.

"Ke ba ki ji ƙauri ba?" na ce, ina kallon tukunyar, don ko a nan ban kalle ta ba.

"Wallahi Inna ban ji komai ba. Tun jiya ma abinci kamar ƙasa nake ci."

Kwana biyu bayan haka numfashi ya fara yi mata wuya, muka ɗauki shatar mota zuwa Kazaure. Aka zura mata tsinke a hanci, aka keɓe ta a wani ɗaki can ƙarshen asibiti, daga baya aka ce ita ce. Na shafe kwanaki a gindin wata darbejiya da kwanon abinci, sai dai in miƙa a shigar mata. Babanku yana gefe yana cewa su dai likitoci sai sun laƙaba wa ciwo suna. Ranar Alhamis, cikin bai gama wata takwas ba, naƙuda ta taso. Ta haifi mace, 'yar mitsitsiya, kanta bai fi lemo ba. Da aka ɗago mini ita ta taga na ga yatsunta kamar tsinken tsintsiya, sai na juya baya na yi kamar ina gyara ɗankwali.

Ranar Asabar suka sallame mu, don jikin uwar ya yi sauƙi, jaririyar kuma tana kama nono. Wata malamar asibiti, yarinya ƙarama da ba ta kai Sani ba, ta tsayar da ni a baranda ta yi mini bayani har sau biyu. Ta ce a ba mai jego ɗakinta ita kaɗai, ta riƙa sa takunkumi tana wanke hannu kafin ta ɗauki 'yar, ta riƙa kwantar da ita a ƙirjinta fata da fata saboda ɗumi.

"Mama, abu ɗaya nake roƙon ki," ta ce. "Nonon uwarta kawai. Ko ruwa kada a ba ta. An gwada jaririyar ba ta ɗauka ba, kuma nonon shi ne kariyarta. Irin waɗannan ƙananan, abu kaɗan ke tafiya da su."

Na ce na ji. Kuma na ji ɗin, kada wani ya ce ban gane ba.

Ranar Lahadi da hantsi sai ga Goggo a bayan ɗan acaɓa, da ƙullin kayanta da buhun kanwa, ta biyo ta hanyar gonaki don kada masu tsare hanya su mai da ita. Tana da shekara saba'in da wani abu a lokacin, amma ta sauka daga babur ɗin nan kamar budurwa. Ta wuce butar zaure ko kallo, ta faɗa ɗakin mai jego, ta tarar da ita da takunkumi a fuska da jaririya a ƙirji. Ta yi salati. Ta ce wane marar imani ne ya ɗaure wa mai jego baki kamar jakin da ake hana cin dawa? Sannan ta tambayi ciwon da aka ce ta yi, aka faɗa mata. Fuskarta ta canza, ta ce a kawo mata ludayi.

Ku yaran yanzu ba ku san wannan ba, bari in faɗa muku. Idan ana shakkar nonon mace, ko don ta yi ciwo da ciki ko don jariri yana yawan kuka, sai a tatsa kaɗan a ludayi, a kamo tururuwa a jefa a ciki. In ta yi iyo ta fito, nono lafiya lau. In ta mutu a ciki, an ce nonon mugu ne, sai a raba jaririn da shi, a yi ta ba uwar jiƙe-jiƙe har ya gyaru. Haka muka taso muka gani, ni ma an yi wa ƙanwata a gabana. Goggo ta tatsi nonon, ta kamo tururuwa a gindin randa, ta jefa. Muka zuba ido, manyan mata da hankalinmu, muna jiran ƙwaro ya yanke mana hukunci. Tururuwar ta yi 'yan wutsil-wutsil, ta zagaya gefen ludayin tana zamewa, ta tsaya cak.

"Kun gani," in ji Goggo. "Cutar ta sauka a nono. Miƙo mini jaririyar."

"Goggo," in ji yayarku, "a asibiti sun ce..."

"A asibiti suka yaye ki? Shekara goma sha huɗu muna roƙon Allah, ba zan zuba ido ki shayar da ita dafi ba."

Yayarku ta ɗago ido ta kalle ni ta saman takunkumin. Ni kuwa me na yi? Na sunkuya na ɗauki kwanon da ba ya buƙatar wanki na fita da shi. Wannan ita ce kunyar da ake yabon mu da ita. Na sami babanku a zaure na faɗa masa abin da malamar asibiti ta ce, ya ce shi ba ya shiga sha'anin mata, kuma Yaya ta fi mu sanin jarirai. Na ce Malam, wane jaririn? Ya zare mini ido, na koma ciki.

Goggo ta koma da jaririyar ɗakina, ta sa aka riƙa tatso nonon akuyar maƙwabta, tana ɗura mata da ɗan cokali, tana haɗawa da ruwan dabino. Kuma kada ku ɗauka da sakaci take yi. Wallahi ban taɓa ganin mai kula da jariri irinta ba. Ba ta ajiye ta ko na minti ɗaya, a cinyarta take cin abinci, tana yi mata waƙa ƙasa-ƙasa. Can ɗaya ɗakin kuma mai jego tana kwance, nono ya cika ya yi tauri kamar dutse, rigarta sharkaf, tana shan ɗacin sassaƙe safe da yamma. In na kai mata kunun kanwa sai in ajiye in fita. Litinin jaririyar ta fara zawo. Goggo ta ce dattin mugun nonon ne yake fita. Talata kukanta ya koma kamar na ɗan kyanwa. Na ce Yaya ko a koma asibiti? Ta ce in an koma za su mai da ta kan nonon da ya kashe tururuwa, ita kuwa tana raye ba za a yi haka ba. Na je na yi ta daka gero kamar da shi nake faɗa.

Ranar Laraba, ana gobe suna, gida ya cika da mata. An hana taro, amma wa zai hana matan unguwarmu gyaran shinkafar suna? Kowacce ta shigo ta tsallake butata, wata ma ta ɗauke sabulun ta wanke tukunya da shi. Ina tsakiyar suyar ƙuli Goggo ta ce in riƙe mata 'yar za ta yi alwalar azahar. Karo na farko ke nan da na riƙe ta a hannuna. Ba nauyi ko kaɗan, kamar zanen ne kawai. Na buɗe kanta, na ga maɗigarta ta faɗa ciki, leɓenta ya bushe, ta buɗe baki za ta yi kuka sauti bai fito ba. Na taɓa ganin irin wannan a kan ɗan ƙanwata, na kuma san kwana nawa ya ƙara bayan nan.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na saɓa ta a kafaɗa, na ɗauko ludayi biyu, na zuba ragowar nonon akuyar a ɗaya, na ɗebo ruwan randa a ɗaya, na dire su a tsakar gida a gaban matan nan. Na kamo tururuwa biyu a inda Goggo ta kamo tata, na jefa. Goggo ta dawo da buta a hannu ta tsaya. Kowa ya bar abin da yake yi. Ta cikin nonon akuya ce ta fara tsayawa. Ta cikin ruwan ta ɗan daɗe tana zagaye tana neman inda za ta kama, ludayin kuwa sumul yake, ita ma ta tsaya.

"To ga shi nan," na ce, muryata har zaure. "Nonon akuya ma mugu ne. Ruwan da kika yi alwala da shi yanzu, Yaya, shi ma dafi ne, sai mu fasa randar. Tururuwa ce fa! Ko a ruwan zamzam kika jefa ta nutsewa za ta yi. Kwana uku muna kashe yarinya saboda ƙwaro bai iya iyo ba!"

Wata a cikin matan ta fashe da dariya, sauran suka kama. Ni ma, Allah ya yafe mini, na yi 'yar dariyar, ta haushi. Sannan na juya na nufi ɗakin mai jego, na yaye labule, na yi abin da ban taɓa yi ba tun ranar da aka raɗa mata suna.

"Bilkisu! Tashi ki wanke hannunki ki karɓi 'yarki."

Ta zabura, don ba ta taɓa jin sunanta a bakina ba. Ta wanke hannu, ta gyara takunkumi, ta karɓe ta. Jaririyar ta kasa kamawa, ba ƙarfi. Na durƙusa na tatsa da hannuna ina ɗiga mata a baki, ɗigo ɗaya, ɗigo biyu, har na ga maƙogwaronta ya motsa. Na leƙa na ce da babanku ya nemo mota yanzu-yanzu, in kuma sha'anin mata ne to ni zan tafi da ƙafa. Nan take ya zura takalmi.

Da na fito tsakar gida dariya ta ɗauke. Goggo tana tsugune a gaban ludayin nan biyu, butar tana gefe ta kife, ruwa yana bin ƙasa. Ta sa yatsa ta ciro tururuwar cikin ruwan ta ɗora a tafin hannunta tana kallo. Na shirya ta zage ni, na ma tanadi amsa. Sai ta ɗago kai, ta yi magana a hankali yadda ni kaɗai da na kusa muka ji.

"To nawa ukun fa, Ladi?"

Ban gane ba da farko.

"Duk ukun haka aka yi mini. Kowanne da zazzaɓi na haife shi, kowanne tururuwa ta mutu. Suna kuka ina jin su ta bango, nono yana zuba, ana ba su na saniya. Aka ce nonona ne mugu, na yarda. Shekara hamsin ina gode wa Allah da aka gane da wuri, ban shayar da su dafi da hannuna ba." Ta sake kallon tafin hannunta. "Ashe ƙalau yake."

Ta tashi ta shiga ɗaki ta ɗaure ƙullinta. Na ce Yaya ki tsaya, gobe suna. Babanku ya dawo da mota ya tarar da ita a zaure, ya roƙe ta har da durƙusawa. Ba ta ɗaga murya ga kowa ba, ta ce a kai yarinya asibiti kada a ɓata lokaci a kanta. Muka shiga mota muka yi Kazaure, ita ta hau acaɓa ta yi Gwiwa. Wannan ita ce korar da kuke faɗa.

Kwana shida muka yi a asibiti. Malamar nan ta gan ni ta gane ni, ta kalli jaririyar ta kalle ni, na gwammace ta zage ni. Suna a can ya same mu, babu taro babu shinkafa, uban ya aiko daga Babura cewa sunan da ya yi mata huɗuba da shi tun ranar haihuwa yana nan, Hannatu, sunan Goggo. Ita ce Ummin da yanzu take hana ku barcin rana in an zo hutu, take kwashe mini ƙuli a faranti tana cewa ba ita ba ce. Bilkisu ta daɗe tana haki in ta yi ɗan aiki, ƙanshi kuwa sai da aka kusa yaye ya dawo mata, amma ta shayar da 'yarta har wata ashirin.

Bayan arba'in na shirya na tafi Gwiwa da turmin atamfa da man gyaɗa. Goggo ta karɓe ni, ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo fura, ta tambayi kowa da kowa har akuyar maƙwabta. Da na buɗe baki zan kawo maganar sai ta ce rana ta yi, kada in rasa mota. Sau huɗu ina zuwa, haka. Bilkisu ta kai mata takwararta, ta goya ta ta zagaya da ita gari, amma gidan nan ba ta sake takowa ba har Allah ya karɓi abinsa bayan shekara biyu. A wajen zaman makoki wata yarinya mai goyo ta matso kusa da ni ta ce ko ni ce ta Roni. Ta ce lokacin da ta haihu, surukarta ta kawo wa Goggo ludayi don a gwada nononta, Goggo ta karɓa ta ajiye a ƙasa ta taka shi ya fashe, ta ce a ba yaro nonon uwarsa. Ga yaron nan a bayanta, ƙato, yana jan ɗankwalina.

Kada wani ya zo yana ce mini to ai komai ya yi daidai. Ba na nadamar mai da Ummi ga uwarta, ko yau aka sake zan sake. Haushin kaina nake ji a kan kwana ukun da na yi ina wanke kwanukan da ba su da datti, da kuma tsakar gidan. Da na kira Goggo ɗaki mu biyu na nuna mata, da ta ji abin da ta ji ba tare da matan unguwa suna dariya a kanta ba. Ni ban sani ba, gaskiya ne. Amma shekara arba'in ina gaishe ta da Yaya ina kwana, ban taɓa zama na tambaye ta 'ya'yanta ba.

Daga baya na tambayi Bilkisu. Biyun farko mata ne, ba su kai suna ba. Na ukun namiji ne, ya kwana tara, sunansa Isa. In kuna yi wa Goggo addu'a ku haɗa da su.